Kofin da Ammi Haladu Ya Jira

"Ba wannan ba ce, Nasir. Wuce gaba."

Na danna rimot, tashar ta sauya. Wasu mutum uku cikin fararen riguna suna musu a kan kofin da Ittihad ta ɗauka kwanakin baya.

"Wuce. Waɗannan ba sa gajiya da surutu."

Na wuce. Tseren raƙuma, sai mai tallan turare, sai wani tsohon wasan Italiya. Na kai ƙarshen tashoshin na dawo farko, zufa tana bin bayana duk da na'urar sanyin da ke gurnani a taga. Ƙarfe biyar saura kwata, wasan kuma ƙarfe biyar za a fara. Ammi Haladu, wato baffa Haladu da Larabci, yana kishingiɗe a kan gadon da aka kafa masa a tsakiyar falo, robar iska a hancinsa, ya kafe talabijin da ido kamar zai jawo tashar da ƙarfin kallo.

Maƙwabcina ne, ƙofa da ƙofa, a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Waziriyya ta Jidda. Shekara goma sha tara muna hawa matakala ɗaya. Ni a Jidda aka haife ni, ina tuƙa motar kaya a Khumra, yankin ɗakunan ajiyar kaya. Shi daga Sudan ya zo yana saurayi, da akwatin sifana da Hausar kakanninsa wadda har ya tsufa ba ta gurɓace ba. Ciwon huhu ne ya kwantar da shi tun bayan ƙaramar salla. Likita ya gaya wa 'yarsa Mastura gaskiya a tsaye a bakin ƙofa: babu sauran abin da asibiti zai yi, sai dai a rage masa zafi. Shi kuma ya ce in haka ne a mayar da shi gida, ya gaji da kallon silin da ba nasa ba.

Duk Waziriyya babu wanda bai san Ammi Haladu da kulob ɗinsa ba. A unguwar da kowa ko dai ɗan Ittihad ne ko ɗan Ahli, shi Aberdeen yake goyon baya, wani kulob na can arewacin Scotland da yawancinmu a bakinsa muka fara jin sunansa. Asalin abin, lokacin da yake gyaran injuna a tashar jiragen ruwa, shugabansa wani Bature ne mutumin garin, Mista Dankan. Ana aiko wa Baturen kaset ɗin wasanni daga gida, ran Alhamis da yamma sai ya tara ma'aikata a ofis su kalla, wasan da aka yi tun wata guda da ya wuce. A shekarun nan Aberdeen tana cin kowa. Baturen ya gama kwangila ya tafi, ba a sake jin labarinsa ba, amma ya bar wa Haladu wannan ciwon.

"Alif ɗari tara da tamanin da biyar," haka yake fara mana in muna shan shayi a ƙofar bene bayan la'asar. "Shekarar da muka ɗauki lig na ƙarshe ke nan. Daga nan har yau, shekara arba'in cif, in ba Celtic ba to Rangers. Kulob goma sha biyu ne a gasar, biyu suna cin tuwo, goma suna lasar kwano."

Wani ya ce, "To Ammi, ai ƙwallo sa'a ce."

"Sa'a? Filinsu yana cin mutum dubu sittin, namu dubu ashirin. Su je gasar Turai su kwaso kuɗi, su dawo su sayi yaron da ya fi kowa a wurinmu. Ka raini yaro tun yana ɗan shekara goma, ran da ya fara iya ƙwallo ran nan za ka ga mota ta zo ɗaukarsa. Wannan ne sa'a?"

"To ka bar su mana, ka dawo Ittihad ka huta."

Sai ya harari mai maganar. "Ku ma kwanan nan aka zuba muku kuɗi kuka fara ɗaga hanci. Ku tambayi ƙananan kulob ɗin ƙasar nan yadda suke ji."

Ranar Asabar ɗin nan wasan ƙarshe ne na kofin ƙasar, Aberdeen da Celtic. Kwana goma kafin nan Celtic ta zuba musu biyar da ɗaya a gidan Aberdeen ɗin. Ammi Haladu kansa bai sa rai ba. Abin da ya ce mini da safe da na leƙa gaishe shi kawai, "Ina so in ga jajayen rigunan nan sau ɗaya. In za a yi mana dukan, a yi ina kallo."

Ga shi kuma na kasa samo tashar.

Mastura tana tsaye a ƙofar kicin da mayafinta, matata Latifatu a bayanta tana wanke kofuna. Mastura ita ce babba a 'ya'yansa biyu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan, tana ɗinkin abaya tana kula da uban. Wata biyu rabonta da barcin kirki, idonta ya faɗa ciki.

"Abu Yazan," ta ce mini. Haka ake kirana da sunan ɗana na fari. "Bari kawai. Na kira Hamad, yana hanya."

Ammi Haladu ya juyo da kai a hankali. "Wa ya ce ki kira shi?"

"Numfashinka ya ce in kira shi, Yaba. Tun azahar nake ƙirga shi." Yaba suke ce masa, wato baba.

Hamad ƙanenta ne, yana zaune a unguwar Safa da matarsa da 'ya'ya uku. Tsakaninsa da uban akwai wani tsohon miki da duk benen ya sani, ba wanda yake taɓawa. Bayan Ammi Haladu ya bar tashar jiragen ruwa, ya buɗe 'yar warsha a Khumra, wurin gyaran janareto da injunan ɗaga kaya. A nan ya koya wa Hamad aiki tun yana makaranta, har ya zama hannunsa ya fi na uban. Sai wani babban kamfani ya zo ya karɓe kwangilar gyaran ɗakunan ajiya na yankin gaba ɗaya. Suka ɗauki Hamad a matsayin shugaban makanikai, ya tafi da ƙwararru biyu na warshar. Shekara ba ta zagayo ba aka rufe ta. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Hamad yana zuwa duk Juma'a da ledojin cefane, ya sumbaci kan uban, ya zauna minti ashirin yana kallon waya, ya tafi.

Biyar da minti biyar muka ji takunsa a matakala, bibbiyu yake haɗawa. Ya shigo da makullin mota a hannu, bai ko cire takalmi daidai ba. Ya dubi uban, ya dubi kwalbar iskar, ya dubi yayarsa.

"Yalla, mu tafi, Yaba. Na ajiye mota a ƙofa. Abu Yazan, taimaka mini mu sauko da shi."

"Ina za mu?" in ji Ammi Haladu.

"Asibiti. Na yi waya, akwai gado."

"An fara wasa."

"Wane wasa kuma? Yaba, leɓenka ya yi baƙi!"

"An fara da minti biyar, Nasir ya kasa samo tashar." Ya tsaya ya ja numfashi, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana murza leda. "In ka zo ɗaukata ne, ba ni da ƙarfin hana ka. Ka ga yadda na koma. Amma in ka zo gaishe ni ne, samo mini tashar."

Hamad ya juyo gare ni kamar ni zan raba gardamar. Na sunkuyar da kai ina jujjuya rimot. Mastura ce ta yi magana daga ƙofar kicin.

"Likitan da ya sallame shi ya ce ko an mayar da shi, iskar nan ce dai za su sa masa. Na kira ka don ka kasance kusa ne, Hamad, ba don ka kwashe shi ba."

Hamad ya kaɗa makullin a yatsansa. Daga nan ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya cusa makullin a aljihu, ya fiddo waya. Yana da irin tashoshin nan da ake biya duk wata. Ya durƙusa a bayan talabijin ya zare wata waya ya soka wata, ya yi 'yan danne-danne, sai ga koren fili ya cika allo. Rabin filin jajaye, rabi kore da fari, hayaniya ta cika falon.

Ammi Haladu ya saki wani dogon numfashi. "Ga su nan," ya ce. "Ga marayun Allah."

Hamad bai zauna kusa da shi ba. Ya ja kujerar roba ya zauna can gefen ƙofa.

Ni ba masanin ƙwallo ba ne, amma ko makaho ya ji yadda wasan yake. Ƙwallo tana ƙafar Celtic, 'yan Aberdeen sun taru a gaban ragarsu kamar masu tare ambaliya da buhunan yashi. In ɗayansu ya samu ƙwallo sai ya doka ta can gaba, ta dawo. Yatsun Ammi Haladu suna ta motsi a kan bargo. Dab da hutun rabin lokaci aka yi bugun kusurwa, ƙwallo ta bugi jikin ɗan Aberdeen ta gangara cikin ragarsu.

Ya lumshe ido. "Ka gani? Ba sa ma buƙatar su ci da ƙafarsu. Mu za mu ci musu."

Da aka tafi hutu Latifatu ta miƙo shayi. Tari ya sarƙe shi, mai tsawo, har Mastura ta zo ta tallafo kansa tana shafa masa baya. Hamad ya miƙe tsaye, hannunsa ya koma aljihun makulli. Da tarin ya lafa, tsohon ya nuna allo da haɓa, inda ake nuna 'yan wasan benci suna motsa jiki.

"Dubi bencinsu, Nasir. Wanda suka ajiye yana jira ya fi albashin rabin 'yan wasanmu. Haka mai kuɗi yake. Ba ya tambayar wa ya raini yaro, wa ya koya masa riƙe sifana. Ya ga hannu mai kyau, ya aiko mota."

Sifana ya ce, ba ƙwallo ba. Duk mun ji.

Hamad ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa da ƙarfi har ya fantsala.

"Halas, ya isa haka, Yaba. Shekara goma sha biyu kana zagina ta bakin ƙwallo. Duk Juma'a in na zo sai an sayi wani yaro, sai an aiko wata mota. Ni ba jaki ba ne, ina ganewa. Yau faɗa mini a fuskata."

Na yunƙura zan tashi in ba su wuri. Ammi Haladu ya ɗaga mini yatsa. "Zauna. Kai ma ka sha jin labarin, ka ji ƙarshensa."

Hamad ya matso har gefen gadon. Hausarsa tana karyewa zuwa Larabci tana dawowa.

"Kafilin warshar nan, ɗan ƙasar da muke zaune da sunansa, ya gaya mini a gabanka cewa ba zai sabunta mana iƙama ba, katin izinin zama. Ka manta? Wata huɗu ya rage mana. Ni da matata da jariri, da kai, da marigayiya Inna. Ina za mu? Sudan ɗin da ban taɓa kwana a cikinta ba? Kamfanin nan ne ya karɓi takarduna, ni kuma na ɗauke ka a kan nawa. Wallahil azim, ran da na sa hannu a takardarsu, a mota na zauna na yi kuka kamar mace mai takaba. Ba ka taɓa tambayata ba."

"Na sani," in ji tsohon.

"Ka sani?"

"Na san komai. Katin da ke aljihuna sunan wa ke jiki in ba naka ba?" Ya ja iska sau biyu kafin ya ci gaba. "Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sun kashe mini warsha, kuma a inuwarsu nake kwana. Ka taɓa ji na zagi yaron da ya bar Aberdeen ya tafi Glasgow? Ban taɓa ba. Shi ma uwarsa tana son gida mai kyau. Yadda aka tsara abin ne nake jin haushi. To amma shi tsari ba ya zuwa gidana ran Juma'a da ledar cefane. Kai kake zuwa. Sai na sauke a kanka."

A talabijin mai sharhi yana ta zuba Turanci shi kaɗai.

"Ba daidai na yi ba," Ammi Haladu ya ce. "Jawo kujerar nan kusa. Idona ba ya ganin lambobin rigunan."

Hamad ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya je ya ɗauko kujerar robar ya dasa ta a gefen gadon. Na ga Mastura ta juya ta shige kicin, na ji an buɗe famfo da ƙarfi, ruwa yana ta zuba ba a wanke komai.

Aka dawo daga hutu. Hamad, wanda ban taɓa jin ya ambaci sunan kulob ɗin nan ba sai da dariya, ya koma mai karanta wa uban lambobi. "Mai lamba huɗu ne ya tare. A'a, ya fita waje. Namu ne jifa." Namu ya ce, shi ma bai lura ba.

Lokaci yana tafiya, ɗaya da nema. Numfashin tsohon ya ƙara gajarta, na fara kallonsa fiye da yadda nake kallon allo. A raina ina cewa, ya Allah, kada ka ɗauke shi a kan wannan ɗaya da neman, kada ka bar yaron nan da cewa shi ya hana a kai shi asibiti. Saura minti bakwai, wani ɗan Aberdeen da aka sako daga benci ya ruga ta gefen dama ya bugo ƙwallo ƙasa-ƙasa. Ba wani bugun kirki ba ne. Golan Celtic ya faɗi zai kama, ta zame daga hannunsa ta shige raga.

Hamad ne ya yi ihu. Ya daka tsalle har kujerar ta kife. "Gol! Yaba, gol! Wallahi ta shiga!"

Ammi Haladu yana dariya marar sauti, hawaye yana bin gefen idonsa zuwa kunne. "Su ma sun ci mana," ya ce. "An biya mu."

Kafin a tashi wani ɗan Celtic ya tsere shi kaɗai, daga shi sai gola. Latifatu, wadda ba ta san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba, ta saki salati daga ƙofar kicin. Golan Aberdeen ya tare da ƙafa. Alƙalin wasa ya busa, ɗaya da ɗaya, za a yi ƙarin lokaci. Daidai nan ladanin masallacin layinmu ya ɗaga murya.

"Kashe sautin," in ji tsohon. "Salla."

"Yaba, yanzu za su ci gaba."

"Su ci gaba. Shekara talatin da biyar nake jiran kofin nan, zai jira ni minti goma."

Kullum Mastura ce take kawo masa dutsen taimama. Ranar ya ce ruwa yake so. Hamad ya kawo ƙaramar roba da buta, ya naɗe hannun rigarsa. Ya wanke wa uban hannu, ya shafa masa ruwa a fuska yana kaucewa robar hancin, ya ɗaga bargo ya wanke ƙafafun da suka kumbura, ɗaya bayan ɗaya, yana bin tsakanin yatsu. Tsohon yana kallon ƙeyarsa.

"Furfura," ya ce. "Yaushe ka yi furfura?"

"Ta daɗe, Yaba."

Na ja mu salla a nan falon, Hamad a damana, tsohon yana bi da kai daga gado. A bayanmu 'yan ƙwallo suna ta gudu a allo babu sauti. Da muka sallame muka tarar ba abin da ya sauya. Celtic ta ci gaba da matsa su, har wata ƙwallo ta bugi ƙarfen raga ta dawo, amma ba ta shiga ba. Aka tafi bugun fenareti.

Ammi Haladu ya juya fuskarsa bango. "Ba zan iya kallo ba. Hamad, kai ka gaya mini."

Ya miƙa hannu, ɗan ya riƙe.

"Su za su fara. Ga shi ya taho... ya tare! Yaba, golanmu ya tare!"

"Kada ka yi murna tukuna. Na san su."

"Namu ya ci. Ɗaya." Can kuma, "Sun ci." Sai, "Namu ya ci, a sama ya sa ta." Haka ya dinga ƙirgawa, muryarsa tana ƙara siririya. 'Yan Aberdeen huɗu suka buga, huɗun suka shiga. Ɗan Celtic na biyar ya ajiye ƙwallo, in bai ci ba an gama. Ya buga, golan ya tare. Hayaniyar da ta fashe daga talabijin ce ta gaya wa tsohon, da yadda ɗansa ya kifa goshi a kan hannunsa.

Ya juyo a hankali ya kalli allo. Jajayen riguna suna ta gudu sun rufe golan, tsofaffi a cikin 'yan kallo suna kuka kamar yara. Ya daɗe yana kallo.

"Alhamdulillahi," ya ce. Sai kuma, "Kada ku ruɗu. Baɗi za su sake ɗauke lig ɗin, su ba mu tazarar maki ashirin. Golan nan ma, ku sa ido, wani zai aiko mota." Ya ɗan murmusa. "Amma yau sai dai su kalla. Mastura, akwai sauran kunun gyaɗar nan?"

Kwana uku rabonsa da ya nemi abinci da bakinsa. Ya sha cokali shida, Hamad ne ya ba shi. Kafin kiran isha ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe, numfashin ya daidaita fiye da yadda na ji shi duk makon. Na ɗauki takalmana na fita a hankali. Na zauna a matakala na ɗan lokaci kafin in shiga gida.

Hamad bai koma Safa ba. Ya kira wurin aiki ya ɗauki hutu, matarsa ta aiko masa da kaya a jaka. Kwana huɗun da suka biyo baya in na leƙa sai in tarar da su suna hira, yawanci a kan injuna. Ran Litinin na iske tsohon yana yi masa faɗa a kan yadda ake ɗaure bel ɗin janareto, Hamad yana cewa, "Yaba, yanzu ba a yin irin waɗannan," shi kuma yana cewa, "Shi ya sa ba sa ƙarko." Ran Talata bai yi magana sosai ba. Ya sa aka kira jikokinsa ya shafa kansu ɗaya bayan ɗaya.

Ran Laraba, ɗaya ga watan Zulhajji, ina ɗaure igiyar takalmi zan fita aiki, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Hamad ne, idonsa ja amma fuskarsa a sake.

"Abu Yazan, Yaba ya tafi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

"Yanzun nan. Ya yi asuba, ya ce in ɗan ɗaga masa matashi. Na ɗaga. Ya yi shahada sau biyu, na uku ban ji ƙarshenta ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ko shure ƙafa bai yi ba. Likita ya ce mana ƙarshen zai yi wuya, mu shirya. Wata biyu Yaya Mastura tana tsoron ranar nan. Ga shi ya zo kamar barci."

Na shiga na gan shi. An cire robar daga hancinsa, ta bar masa ɗan layi a kumatu. Fuskar ta huce, duk tamƙewar da ciwo ya sa mata ta warware, ya koma Haladun da na sani a ƙofar bene da kofin shayi. Na rufe shi da bargo, na ce Allah Ya sa can ta fi nan.

Takardu ba su ba da wahala ba, komai nasa a kan ƙa'ida yake, Hamad ya gama zirga-zirgar kafin azahar. Bayan la'asar aka sallace shi. Mutane sun zo fiye da yadda na zata: tsofaffin makanikan Khumra, 'yan Sudan na unguwa, har da ƙwararrun nan biyu da suka bar warshar tare da Hamad, suna ta rige-rigen ɗaukar makara. A hanyar dawowa wani dattijo ya ce, "Kwanaki goman nan masu albarka ya samu. Mutumin kirki ne, in ka cire maganar kulob ɗin nan nasa." Muka yi dariya a cikin mota, har da Hamad.

Kwana uku aka jera kujeru a layinmu ana karɓar gaisuwa, mata kuma suna sama a gidan mamacin. Rana ta uku da yamma na hau bene zan ɗauko ƙarin kofuna. Na tura ƙofarmu, sai Latifatu ta tare ni da yatsa a baki.

Mastura ce. Ta shigo aron tire, ta zauna a kan dardumar falonmu wai ta ɗan miƙe ƙafa. Tana nan a zaune ta jingina da bango, kanta ya karkata gefe, tiren yana kan cinyarta, tana barci mai nauyi har da ɗan minshari. Latifatu ta durƙusa ta zare tiren a hankali, ta ja labule ta tare ranar da ke faɗo mata a fuska.

Na ja ƙofar ban bari ta yi ƙara ba, na koma ƙasa ba tare da kofunan ba.